Guminka Yana Cikin Bango: Tarihin Jinginar Magini a Amurka

A shekarar 1791, Washington ba ta wuce gonaki da fadamu a bakin kogin Potomac ba. Majalisar Amurka ta yanke cewa gwamnati za ta koma can a 1800, amma magina suna ɗari-ɗari. A dokar Ingila da Amurkawa suka gada, duk abin da aka kafa a ƙasa ya zama na mai ƙasar. Idan ya ƙi biya, birkila ba shi da ikon ciro tubalinsa daga bango.

Thomas Jefferson da James Madison suna cikin waɗanda suka ba da shawarar a yi wa wannan matsala magani. A watan Disambar 1791 majalisar Maryland ta zartar da dokar da ta mayar da ginin kansa jingina ga wanda ya gina shi. Pennsylvania ta bi sahu a 1803, sannu a hankali sauran jihohi suka yi nasu. Sunan dokar a Turance yana ɗauke da kalmar nan da ta haifar mana da "bakanike", domin a wancan zamani tana nufin duk mai sana'ar hannu.

Sai dai mai gida da mai saye da banki su ma suna da haƙƙi. Ba wanda zai sayi gidan da bashi zai iya ɓullo masa bayan shekara goma. Shi ya sa aka ɗaura wa jinginar wa'adi mai tsauri. A Florida, kwana 90 ne daga ranar aiki na ƙarshe. A New York wata 8 ne, ko wata 4 idan gidan iyali ɗaya ne. Gine-ginen gwamnatin tarayya kuwa ba sa jinginuwa, don haka dokar Miller ta 1935 ta wajabta wa babban ɗan kwangila ya kawo mai tsaya masa wajen biyan ma'aikata.

Aikin da ya tsaya cak shi ne ramin da mutane suka fi faɗawa. A Kalifoniya, idan aka daina aiki kwana 60 a jere, doka tana ɗaukar ginin a matsayin kammalalle, ko da babu rufi, kuma daga nan kwana 90 suke fara ƙirguwa. Ɗan kwangilar da ya zauna jiran a kira shi ya ci gaba, yana iya farga bayan wa'adi ya wuce. Komawa a gyara ƙofa ko a shafa fenti galibi ba ya sabunta lissafi a idon alƙali.

Idan wa'adin ya kuɓuce, bashin yana nan, amma ginin ya fita daga hannu. Magini ya koma sahun sauran masu bin bashi, kamar yadda kakanninsa suke kafin 1791.