Gajere Ba Yaro Ba Ne: Tarihin Wasan Muggsy Bogues

Tun da aka kafa gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka a shekarar 1946, ba a taɓa samun ɗan wasan da ya kai Tyrone Bogues gajarta ba. Tsawonsa ƙafa 5 da inci 3 ne, wato mita 1.60, nauyinsa kuwa bai wuce kilo 62 ba. Kwandon da ake jefa ƙwallo a ciki yana rataye ne mita 3.05 daga ƙasa, kuma galibin waɗanda ya kara da su sun kai mita 2 ko sun zarce. Duk da haka ya shafe kakar wasa 14 a wannan gasa, a matsayin mai tsara wasa, wanda aikinsa shi ne ya ɗauko ƙwallo daga baya, ya karanci fili, ya raba wa abokan wasansa. Duniya ta fi saninsa da laƙabin Muggsy.

An haife shi ranar 9 ga Janairu, 1965, a birnin Baltimore na jihar Maryland. Ya tashi a Lafayette Court, rukunin gidajen gwamnati da talakawan baƙar fata suka cika, inda ƙwaya da bindiga suka zama ruwan dare. Yana ɗan shekara 5 ɓaraguzan harsashi suka same shi a kan titi, har aka kwantar da shi a asibiti. Yana ɗan shekara 12 aka yanke wa mahaifinsa ɗaurin shekara 20 saboda fashi da makami, nauyin gida ya koma kan mahaifiyarsa ita kaɗai. A filin unguwa manyan yara ba sa son sa shi a wasa don sun raina tsawonsa, sai shi da abokansa suka riƙa fasa gindin akwatin madara su rataye a jikin shinge ya zama kwandonsu. A nan ya gano cewa ƙwallon da ba za a miƙo masa ba, yana iya ƙwato ta da kansa. Yawan fauce ƙwallo daga hannun mutane ne ya jawo masa wannan laƙabi, domin a Turancin titi kalmar tana da alaƙa da ƙwace.

Sunansa ya fara fita ne a makarantar sakandare ta Dunbar da ke Baltimore, ƙarƙashin koci Bob Wade. Ƙungiyar makarantar ta haɗa shi da David Wingate da Reggie Williams da Reggie Lewis, yaran gari ɗaya waɗanda dukkansu suka kai ga NBA daga baya. Kaka biyu a jere ba a ci su ko sau ɗaya ba. A kakar 1982 zuwa 1983 sun buga wasa 31 sun cinye duka, jaridar USA Today ta sanya su a matsayi na ɗaya a faɗin ƙasar. Cikin waɗannan zaratan samari, mafi gajarta shi ne ke riƙe da ƙwallo, shi ke cewa a ruga ko a dakata.

Daga nan ya sami gurbin karatu a Jami'ar Wake Forest da ke jihar North Carolina, inda ya yi shekara huɗu daga 1983 zuwa 1987. A shekararsa ta ƙarshe yana cin maki 14.8 a kowane wasa, yana kuma ba da fasin 9.5 da ake cin maki da su. Jami'ar ta jingine lambar rigarsa, lamba 14, don karrama shi. Kafin ya gama, a 1986, koci Lute Olson ya ɗauke shi cikin tawagar Amurka zuwa gasar cin kofin duniya a Sifaniya. A karawarsu da Yugoslabiya aka ɗora masa tsaron Dražen Petrović, wanda a lokacin Turai ba ta da gwanin jefa ƙwallo kamarsa. Bogues ya manne masa, ya hana shi sakat, Amurka ta yi nasara. A wasan ƙarshe a birnin Madrid suka doke Tarayyar Sobiyet ta su Arvydas Sabonis da ci 87 da 85, ya koma gida da lambar zinare.

A zaɓen sababbin 'yan wasa na 1987 ƙungiyar Washington Bullets ta ɗauke shi a matsayi na 12. A wannan rana aka ɗauki Reggie Williams na 4, aka ɗauki Reggie Lewis na 22, wato ɗaliban makarantar sakandare ɗaya su uku a zagayen farko. A Washington ya tarar da Manute Bol, ɗan ƙabilar Dinka daga kudancin Sudan mai tsawon mita 2.31. Tsakaninsu akwai tazarar santimita 71, kuma mujallu suka yi ta buga hotonsu tsaye kafaɗa da ƙugu. Hoton ya sayar da tikiti, amma ya sa mutane da yawa suka ɗauki Bogues abin kallo kawai. Ana tsakiyar kaka aka sallami koci Kevin Loughery, Wes Unseld ya karɓa, ya fi son wasa mai tafiya a hankali, sai lokacin Bogues a fili ya ragu. Da kaka ta ƙare ƙungiyar ba ta saka sunansa cikin waɗanda ta kare daga zaɓen sababbin ƙungiyoyi ba, sabuwar ƙungiyar Charlotte Hornets ta ɗauke shi a watan Yunin 1988.

Farkon zamansa a Charlotte ma bai zo da sauƙi ba. Ƙungiyar ta ci wasa 20 kacal cikin 82 a kakarta ta farko, kuma kocinta Dick Harter bai yarda cewa mutum mai wannan tsawo zai iya jan ragamar ƙungiya ba, don haka ya fi ajiye shi a benci. Sai da aka sauya koci a farkon 1990, Gene Littles ya hau, daga baya kuma Allan Bristow, sannan aka sakar masa mara. Dukkansu biyu sun fi son wasan gudu, wasan gudu kuwa gonarsa ce. A kakar 1989 zuwa 1990 ya kai fasin 10.7 a kowane wasa.

Yana da kyau a tsaya a duba yadda yake wasan, domin a nan sirrin daɗewarsa yake. Duk mai tafiya da ƙwallo dole ya riƙa buga ta a ƙasa, kuma gwargwadon tsawon mutum gwargwadon nisan da ƙwallo za ta yi daga tafin hannunsa zuwa ƙasa ta dawo. Wannan ɗan lokaci da ƙwallo take ba a hannun kowa ba, shi Bogues ya mayar abin farautarsa. Yakan tari abokin hamayya tun daga ƙarshen fili, ya durƙusa ƙasa-ƙasa, kansa daidai cikin mutum, hannayensa daidai inda ƙwallo ke tashi. Dogon ɗan wasa kan rasa inda yake, sai ya juya masa baya yana ja da gindi don kare ƙwallo. A NBA daƙiƙa 24 ake ba ƙungiya ta yi jifa, a zamaninsa kuma daƙiƙa 10 ne na tsallake tsakiyar fili. Kafin mai ƙwallo ya ƙetare, Bogues ya riga ya cinye masa wani kaso na lokacin, shirin da koci ya tsara ya dagule. In kuwa ƙwallo ta shigo hannunsa, ƙwace ta sai an sunkuya har ƙasa, kafin a sunkuya ya wuce. A tsawon rayuwar wasansa, kafin ya zubar da ƙwallo sau ɗaya ya ba da fasin fiye da huɗu da rabi, lissafin da kaɗan ne suka kusance shi a tarihin gasar.

Yana da raunin da kowa ya sani. Jifa daga nesa ba ta zauna masa sosai ba, don haka masu tsaro kan ja baya su bar masa fili. Abokan hamayya kuma kan tura dogon mutum ya ja shi kusa da kwando don ya yi jifa ta saman kansa. Maganin da ya samo shi ne ƙarfin ƙafa da ƙirji, ya tokare mutum tun kafin ya isa inda yake so, ya hana ƙwallo ta iso masa cikin sauƙi. Ranar 14 ga Afrilu, 1993, Patrick Ewing na New York Knicks, mai tsawon mita 2.13, ya karɓi ƙwallo ya ɗaga zai jefa, Bogues ya taso ya doke ta kafin ta bar hannunsa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A jimlace sau 39 ya tare jifar abokan hamayya a gasar.

Ƙungiyar Charlotte ta miƙe ne da zuwan Larry Johnson a 1991 da Alonzo Mourning a 1992. Ga kuma Dell Curry, gwanin jifa daga nesa, wanda suka zo Charlotte tare tun ranar farko, mahaifin Stephen Curry da a lokacin yake ƙaramin yaro mai bin babansa filin atisaye. Filin wasan Charlotte mai cin mutum fiye da 23,000 ya riƙa cika maƙil, rigar ƙungiyar mai launin shuɗi-kore da shunayya ta bazu a duniya. A 1993 suka shiga zagayen fitar da gwani karo na farko, suka haɗu da Boston Celtics, wadda kyaftin ɗinta shi ne Reggie Lewis, abokin Bogues tun Dunbar. A wasan farko Lewis ya yanke jiki ya faɗi a fili. Charlotte ta ci gaba ta fitar da Boston da wasa 3 da 1, bayan Mourning ya jefa ƙwallon nasara a daƙiƙar ƙarshe, sannan New York ta tare su a zagaye na biyu. Ranar 27 ga Yuli na wannan shekara Lewis ya sake faɗuwa yana atisaye, ciwon zuciya ya yi ajalinsa yana da shekara 27. A shekarar ce kuma mahaifin Bogues ya rasu.

Da wannan nauyi a zuciya ya shiga kakar 1993 zuwa 1994, kuma ita ce ta fi kowace kyau a rayuwar wasansa: maki 10.8 da fasin 10.1 a kowane wasa, John Stockton na Utah kaɗai ya fi shi yawan fasin a gasar. Kaka ta gaba Charlotte ta ci wasa 50, amma Chicago Bulls ta Michael Jordan, wanda bai daɗe da dawowa daga ritaya ba, ta fitar da su a zagayen farko. Daga nan gwiwa ta fara ba shi matsala. Aka yi masa tiyata, wasa 6 kawai ya buga a kakar 1995 zuwa 1996. A wannan tsakanin aka musanya Mourning zuwa Miami, aka tura Johnson New York. A 1996 ya fito a fim ɗin Space Jam tare da Jordan, abin da ya ƙara kai fuskarsa gidajen da ba a kallon ƙwallon kwando. Ya dawo fili ya taimaka wa ƙungiyar ta ci wasa 54 ƙarƙashin koci Dave Cowens, amma shugabanninta sun riga sun yanke ƙauna da gwiwarsa. A watan Nuwamban 1997 suka musanya shi zuwa Golden State Warriors.

Ya yi kaka biyu a can, sannan ya koma Toronto Raptors ta ƙasar Kanada a 1999, inda ya sake haɗuwa da Dell Curry. Yana ɗan shekara 35 ya buga wasa 80 a kaka guda, yana dattijo cikin samari irin su Vince Carter da Tracy McGrady, kuma a wannan kaka Toronto ta shiga zagayen fitar da gwani karo na farko a tarihinta. Kaka ta gaba gwiwa ta ƙi, wasa 3 kawai ya iya bugawa. An musanya shi zuwa New York a watan Fabrairun 2001, daga baya zuwa Dallas, amma bai buga wa ko ɗaya daga cikinsu ba. A nan wasansa ya ƙare. Tun kafin wannan ya koma Wake Forest ya kammala digirinsa a 1998, kuma a 2005 ya zama kocin ƙungiyar mata ta Charlotte Sting, daga bisani ya horar da yaran sakandare a garin.

Ya buga wasa 889 a NBA, ya ci maki 6,858, ya ba da fasin 6,726, ya ƙwace ƙwallo sau 1,369. Bai ci kofin gasar ba, ba a kuma taɓa zaɓensa cikin wasan taurari ba. Amma a wannan gasa da dubban dogayen samari ke neman gurbi kowace shekara, ba a riƙe mutum shekara 14 don tausayi ko don hoto. An riƙe shi ne domin ya san abin da Allah ya hore masa, ya ƙware a kai har babu mai ja da shi a wurin, ya kuma san abin da ba shi da shi ya nemo hanyar rufe shi. Yaron da aka ce masa jikinsa bai dace da abin da yake so ba, ya kamata a ba shi labarin wannan mutum. Har yau, a tarihin Charlotte Hornets, babu ɗan wasan da ya kai Muggsy Bogues yawan fasin, 5,557, ko yawan ƙwace ƙwallo, 1,067.