Daga Bugu zuwa Injin Guga Mai Tururi

Tun kafin dutsen guga ya yaɗu a ƙasar Hausa, masu bugu ne ke daidaita tufa, kuma har yau ana jin amon aikinsu a marinar Ƙofar Mata da ke Kano da kuma garin Kura, inda ake naɗe turkudi ko shadda a ɗora bisa gungumen itace mai santsi, a yi ta duka da gudumar katako har zare ya kwanta, sheƙi ya fito. Wannan sana'a ta dogara ne ga nauyi, saɓanin dutsen gawayi da ya zama makamin masu wanki da guga, wanda ƙarfinsa zafi ne da jan hannu, haka ma na lantarki da Henry Seely ya yi wa rajista a Amurka a 1882.

Wanda ya haɗa nauyi da zafi da tururi wuri guda shi ne Adon Hoffman, wani tela a birnin Syracuse na jihar New York, wanda a farkon ƙarni na 20 ya ƙera injin da ake taka shi da ƙafa, murfinsa ya sauko ya danne rigar yayin da tururi ke ratsa ta. Injin ya daɗe yana zaman kayan manyan gidajen wanki kafin kamfanoni irin su Elna na Suwizalan su ƙanƙanta shi ya hau tebur, wato faranti mai zafi a sama da katifa a ƙasa, waɗanda ake rufewa na 'yan daƙiƙoƙi.

Masu sana'a sun san cewa amfaninsa ya fi fitowa a kan abu shimfiɗaɗɗe, kamar zanen gado da wando da ƙyallen nan mai gam da teloli ke liƙawa a wuyan kaftani, domin gam yana son dannawa ba tare da motsi ba. Babbar riga kuwa sai da hattara, saboda farantin yana murƙushe aikin hannu irin su aska takwas idan ba a kifa rigar bisa tawul ba, kuma yawan tururi na dusashe sheƙin shadda, abin da ya sa mai shadda mai tsada ke komawa wurin masu bugu, kuma yana da gaskiya. Zafin ma ba a ƙiyasta shi da ka: ɗigo ɗaya a alamar tufa na nufin kimanin digiri 110, biyu 150, uku kuma 200, wanda ya dace da auduga.

Abin da ya fi rage wa injin karɓuwa a shagunan Arewa shi ne wuta da ruwa. Yawancin irin waɗannan injuna suna cin fiye da wat 1,000, nauyin da ƙaramin janareta ba ya ɗauka, sannan ruwan rijiya ko na burtsatse mai ma'adinai yana toshe ƙofofin tururi, don haka ko a shagon da aka girke injin, ba a rasa dutsen gawayi a gefe.