Tarihin Kacici-kacicin Gicciyen Kalmomi Mai Lulluɓi a Jaridun Ingila

Kacici-kacicin gicciyen kalmomi wasa ne na ƙwaƙwalwa da jaridu kan buga kullum, inda akan zana murabba'i a tsaga shi gida-gida, galibi 15 a tsaye 15 a kwance, a baƙanta wasu gidajen a bar saura farare, sa'an nan a nemi mai karatu ya cike fararen da haruffa har su tayar da kalmomi, wasu daga hagu zuwa dama, wasu daga sama zuwa ƙasa, kowace tana ratsa 'yar'uwarta a kan harafi guda. Iri biyu ne. Akwai mai sauƙi, wanda ishararsa ma'anar kalma ce tsagwaronta, akwai kuma mai lulluɓi, wanda mutanen Ingila suka shahara da shi, shi ne kuma abin nufi a nan.

Asalin wasan daga Amurka yake, ko da yake wanda ya ƙago shi, Arthur Wynne, haifaffen Liverpool ne da neman abinci ya kai shi can. A ranar 21 ga Disamba 1913 jaridar New York World ta buga na farko. A 1924 kamfanin Simon & Schuster ya tara wasu a littafi, ya haɗa wa kowane mai saye da fensir, abin ya zama yayi a duk faɗin ƙasar; kafin shekarar ta fita ya ƙetare teku ya bayyana a Sunday Express ta Landan. Daily Telegraph ta bi sahu a 1925, Manchester Guardian a 1929. Ita kuwa Times, wadda da fari ta yi wa Amurkawa ba'a a kan wannan shagala, sai da ta kai 1 ga Fabrairu 1930 kafin ta sauko, ta ɗora aikin a kan wani saurayi manomi mai suna Adrian Bell.

Wanda ya fara sa wa wasan lulluɓi sosai shi ne Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai tarjama, wanda ya mai da Alfu Laila wa Laila zuwa Turanci daga tarjamar Faransanci. Da ya ga cewa tambayar ma'ana kawai ba ta buƙatar komai face ƙamus, sai ya shiga saƙa isharorinsa da zaurance da habaici da gutsattsarin baitocin mawaƙa, yana bugawa a Observer daga 1926 har rasuwarsa a 1939. Laƙabin da ya zaɓa shi ne Torquemada, sunan shugaban kotun azabtarwa ta cocin Sifen, wai don shi ma azabtar da masu karatu yake yi. Magajinsa, Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci a makarantar Christ's Hospital, ya ɗauki sunan Ximenes; wanda ya gaje shi a 1972, Jonathan Crowther, ya juya sunan Deza ya zama Azed. Duk ukun sunayen shugabannin kotun nan ne, kuma wanda ya san tarihin Andalus, ya san cewa Ximenes na ainihi shi ya sa aka ƙone littattafan Larabci a Garnaɗa, ba lalle ne wannan barkwanci ya ba shi dariya ba.

Mathers gwani ne, amma ba shi da ƙa'ida, domin sau da yawa sai wanda ya karanta abin da ya karanta ne zai gane inda ya dosa. Shimfiɗa shari'ar wasan ya faɗo a kan mutum biyu: Alistair Ferguson Ritchie, mai laƙabi Afrit, a littafinsa na 1949, da kuma Macnutt, a littafinsa na 1966 kan fannin. Hukuncinsu shi ne, halal ne mai ɗaura ishara ya ɓatar da hankalin mai warwarewa da zahirin jimla, amma haram ne ya yi masa ƙarya. Wajibi ne jimlar, idan aka karanta ta ta fuskar da ta dace, ta faɗi amsar daidai bisa nahawu. Saboda haka ishara sahihiya tana da rukuni biyu, ma'ana a farko ko a ƙarshe, da dabarar da za ta gina kalmar harafi bayan harafi, sai lamba a baka mai nuna yawan haruffa. Da za a kwatanta da Hausa, sai a ce: "Gari ya hargitse, sai tufa (4)." Mai gaggawa zai tafi tunanin tarzoma, alhali "ya hargitse" umarni ne a birkita haruffan "gari", su koma "riga", ita ce tufar. Sauran dabarun sun haɗa da ɓoye kalma a tsakanin kalmomi biyu, da karanta ta daga baya, da ba ta ma'ana biyu, da kawo wadda ta yi kama da ita a furuci. Almajirin da ya taɓa fitar da shekarar da aka gama waƙa daga ramzin da malami ya saka a baitin ƙarshe ya riga ya ɗanɗana irin wannan daɗi.

Daga nan ne kuma al'adar sharhi ta tsiro, domin inda aka kafa ƙa'ida, dole a sami masu tuhuma da masu kariya. Macnutt yakan ba masu warwarewa kalma guda, kowa ya ɗaura mata ishara ya aiko, shi kuma ya yi alƙalanci, ya aika musu da 'yar takarda ɗauke da sunayen waɗanda suka ci, da bayanin abin da ya sa wannan ta inganta waccan ta ɓaci. Crowther ya ci gaba da haka. Cikin masu shiga gasar akwai Jeremy Morse, wanda ya shugabanci bankin Lloyds, da marubuci Colin Dexter, wanda ya ari sunan abokin karawar tasa ya raɗa wa ɗan sandan littattafansa. Abin da masu sharhi ke dubawa har yau bai sauya ba: ko zahirin jimla ya yi ma'ana, ko akwai kalmar da aka cusa ba ta aikin komai, ko amsar baƙuwa ce ƙwarai ga jaridar safe.

Yaƙin Duniya na Biyu ya shigar da wasan cikin sha'anin mulki har sau biyu. A Janairu 1942 Telegraph ta shirya gasar warwarewa cikin minti 12, daga baya hukumar yaƙi ta tuntuɓi wasu daga cikin waɗanda suka yi fice, aka kai su Bletchley Park, inda ake kwance saƙonnin asirin Jamus. A Mayu da farkon Yuni 1944 kuwa, ana gab da saukar sojojin ƙawance a Nomandi, sai kalmomin Utah da Omaha da Overlord da Mulberry da Neptune, dukkansu sunayen sirri na harin, suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya cikin amsoshin jaridar. Jami'an leƙen asiri suka titsiye mai ɗaurawar, Leonard Dawe, shugaban wata makaranta, ba su same shi da laifi ba. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa malamin yakan sa yara su cike masa gidaje da kalmomi, su kuwa yaran a bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar suke tsinto su.

Bayan yaƙi wasan ya bazu inda Turancin Ingila ya bazu, irin su Indiya da Ostareliya. Stephen Sondheim, mai tsara waƙoƙin dandali, ya gabatar da shi ga masu karanta mujallar New York a 1968, amma bai taɓa kama ƙasa a Amurka ba. Times ta buɗe gasarta ta zakaru a 1970.

Ba kowa ne ya yi wa mazhabar Ximenes mubaya'a ba. Babban wanda ya saɓa mata shi ne John Graham, limamin coci mai laƙabi Araucaria, wanda ya fara ɗaura wa Guardian a 1958, yana ganin cewa muddin mai warwarewa ya isa ga amsa kuma ya yi murmushi, to ƙananan dokoki ba su da hurumin hana shi. Masu tsanani sun zarge shi da sakaci, kuma a wasu isharorin suna da hujja. Sai dai da wuya a nuna wani mai ɗaurawa da jama'a suka so kamarsa. A Janairu 2013 masu karanta jaridar suka warware kacici-kacicinsa, suka tarar amsoshin suna sanar da su cewa ciwon daji ya kama shi a maƙoshi. Ya ci gaba da aiki har ya rasu a Nuwamban shekarar, yana da shekara 92.