Tarihin Dokar Gogayya da Iyakarta

A shekarar 1903 layin dogo daga Sekondi ya iso Kumasi. Goron da fatake suka saba kaiwa arewa a kan jakuna ya soma bin jirgin ƙasa zuwa bakin teku. Abin da ya sa jirgi ke iya jan irin wannan nauyi shi ne gogayya tsakanin ƙafarsa da ƙarfen dogo. In babu ita, sai ƙafar ta yi ta juyawa a wuri ɗaya.

Masana sun daɗe suna neman lissafin gogayya. Leonardo da Vinci na Italiya ya yi rubutu a kanta wajen 1493, amma bai buga ba. A 1699 Amontons na Faransa ya kafa dokoki biyu: gogayya tana ƙaruwa daidai da nauyin da ke danne abu, kuma ba ruwanta da faɗin gindinsa. Wato bulo, a kwance yake ko a tsaye, ƙarfi ɗaya ne zai ja shi. A 1781 Coulomb, injiniyan sojan Faransa, ya ci kyauta saboda gwajin da ya yi da katako da ƙarfe da igiya a Rochefort, inda ake ƙera jiragen ruwa. Ya nuna cewa tayar da abu daga tsaye ya fi ci gaba da jansa wuya. In kuwa ya kama tafiya, sauri ba ya canja gogayyar sosai.

Dalilin dokar faɗin gindi bai fito fili ba sai da Bowden da Tabor suka buga littafinsu a 1950. Ƙarfe, komai sulɓinsa, cike yake da 'yan tuddai da ido ba ya gani. Kawunansu ne kaɗai ke haɗuwa. In nauyi ya ƙaru sai su baje, wurin haɗuwar ya ƙaru.

To, amma lissafin nan duk a kan zato yake tsaye. An ɗauka cewa abubuwan biyu busassu ne, babu datti, ba sa yin zafi, ba sa cinyewa. Hanya kuwa ba ta san wannan ba. In ruwa ya jiƙa dogo sai santsi ya zo, shi ya sa ake zuba yashi a gaban ƙafar jirgi. Direban da ya ɗauko lodi daga Kwadaso zuwa Sunyani ya san cewa birki, in aka matsa masa a gangare, yakan yi zafi ya daina kamawa. Makanikai a Suame Magazine sun san ɗigon mai kaɗan ya isa ya ɓata shi.

Har yau injiniyoyi suna aiki da dokar Coulomb, har a cikin kwamfuta, domin tana da sauƙi. Amma wajibi ne mai lissafi ya fara duba ko zaton ya dace da ruwan sama da ƙurar hanyar da motar za ta bi, gama rayukan fasinja ne a ciki.