Asalin Hatimin Wasiƙa

Tun kafin a san gidan waya, manyan sarakuna ba sa duban wasiƙa sai da hatimi. Malamai sun ruwaito cewa da Manzon Allah (SAW) ya yi niyyar rubuta wa Sarkin Rum, aka shaida masa mutanen can ba sa karanta takardar da ba hatimi, sai ya sa aka ƙera masa zoben azurfa.

Amma wanda ya mai da abin aikin hukuma, masu tarihi sun ce Halifa Mu'awiya ne. Wai wata rana ya ba Amru ɗan Zubairu takarda ya kai wa Ziyad, gwamnan Iraƙi, a ba shi dirhami 100,000. Da Amru ya yi nisa sai ya warware takardar, ya gyara rubutun ya koma 200,000, ya je ya karɓe. Ran da Ziyad ya kawo lissafi asiri ya tonu. Aka tsare Amru, sai da ɗan'uwansa Abdullahi ya biya rarar. Daga nan Mu'awiya ya kafa diwanin hatimi, kowace takarda a ɗaure ta, a danna mata hatimi kafin ta bar fada. Waɗansu sun ce Ziyad ne ya fara, ya kwaikwayo Farisawa. Ni dai na fi yarda da na farko, don wanda aka cuta shi ke neman magani.

Hatimi mai kwanan wata kuwa a Ingila ya ɓullo, a 1661. Shugaban gidan wayarsu, Henry Bishop, ya fito da ɗan da'ira mai rana da wata, don kada masinja ya ɓoye wasiƙa ya ce yau ta zo. Kan sarki bai zo ba sai 1840.

Ta haka tsohuwar ambulan ke faɗin hanyar da ta bi. Wadda ta tashi daga Zungeru zamanin Gwamna Lugga, za ka ga hatimin Zungeru ya hau kan sarki ta gaba. In ka juya baya ka tarar da na Lokoja, inda ta bi kogin Kwara ta gangara bakin teku, ka kwatanta ranakun, ka san kwana nawa ta yi a hanya. Yau inji ke buga layuka, abin ba armashi.

Mai karatu, in ka gaji tsohuwar wasiƙa, adana ta da ambulanta, kada ka ɓamɓare kan sarkin.