Dorinar Gaya da masu zuwa kallonta

Tun kafin wani ya yi tunanin biyan kuɗi don ya kalli dabba, mutanen Dendi sun san namun kogin Isa ciki da waje. Sarkawa ne masu ruwa. A da su ke farautar dorina da ayu da mashin zago, kuma jirgi ba ya tashi wannan farauta sai manyan ruwa sun yarda. Kakana, da ya tsufa yana su a Gaya, in ya ga sawun dorina a laka da asuba yakan gane uwa ce mai ɗa ko namiji ne shi kaɗai, daga nan ya san gefen da zai ajiye raga. Wannan ma kallo ne, na wanda ransa da abincinsa suka rataya a kai.

Kallo na shaƙatawa Faransawa ne suka zo da shi, kuma ya zo da doka. Sun keɓe dajin da ke yamma da mu, inda kogin ke lanƙwasa kamar harafin W, a 1954 ya zama gandun ƙasa. Kason Nijar hekta 220,000 ne, sauran na Benin da Burkina Faso. An tashi ƙauyuka, maharbi ya wayi gari ɓarawon daji, makiyayi kuma mai laifi. Ina murna da giwa da ɓauna sun tsira, amma ban manta waɗanda aka kora ba. Da UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya a 1996, galibin baƙin ta Yamai suke bi zuwa Tapoa. Mu a Gaya manyan motocin Kwatano muka fi gani, suna haye gadar Malanville da aka gina a 1958.

Raƙumin dawa ma ya kusa ƙarewa: 49 suka rage a 1996, wajen Kure, kafin su haura 600 saboda manoman can sun haƙura da ɓarnar wakensu. Harin 9 ga Agustan 2020, da aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu, ya tsayar da zuwan masu kallonsu cik.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne namu na kusa da ba mu kula da shi. Fadamar Albarkaize tana cikin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta amince da shi a 2001. Lokacin sanyi, in ruwa ya cika ciyawar burgu, ƙirinjijiya kan tashi garke guda har ta rufe maka gaɓar Benin, ga dinya, ga zalɓe tsaye ƙafa ɗaya, ga ƙananan tsuntsayen da suka keto Sahara daga Turai. Dorina ta fito da hanci da kunne, ta fesa ruwa, mai jirgi ya janye filafili ya daina magana. Yara da yawa a Gaya sun fi sanin wannan a hoton littafin makaranta.

Manomin shinkafa kuwa ba kallo ne a gabansa ba. Dare ɗaya dorina ke cinye masa aikin wata uku, kuma doka ta hana shi taɓa ta. Shi ya sa har yau yake kwana a bakin gona da wuta da gwangwani yana bugawa.