Engelbert Kaempfer

Engelbert Kaempfer (16 ga Satumba, 1651 – 2 ga Nuwamba, 1716) likita ne ɗan ƙasar Jamus, masanin tsirrai, kuma matafiyi. Ya yi shekara 10 yana zagaya Rasha, Farisa, Indiya, Siyam da Japan, yana tattara tsirrai, littattafai da taswirori, yana kuma rubuta abin da ya gani da idonsa. Littafinsa na tarihin Japan, wanda bai fito ba sai bayan rasuwarsa, shi ne babban abin da Turawa suka dogara da shi wajen sanin ƙasar har fiye da shekara 100.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Kaempfer a garin Lemgo da ke yankin Lippe. Mahaifinsa limamin coci ne a garin. Ya yi karatu a garuruwa da dama, ciki har da Danzig da Krakow, sannan ya karanta likitanci da kimiyyar halittu a Königsberg. A shekarar 1681 ya koma Uppsala ta ƙasar Suwidin.

Tafiya zuwa Farisa

A 1683 sarkin Suwidin, Charles na 11, ya tura tawaga zuwa fadar sarkin Farisa, aka ɗauki Kaempfer a matsayin magatakardanta. Tawagar ta bi ta Mosko da Astrakhan, ta ƙetare Tekun Kasfiya, ta isa Isfahan a 1684. A kan hanya ya ziyarci yankin Baku, ya bayyana yadda ɗanyen mai yake ɓuɓɓugowa daga ƙasa.

Da tawagar ta gama aikinta, bai bi ta gida ba. Ya kama aikin likita a kamfanin cinikin Holan na Gabashin Indiya, aka tura shi tashar jiragen ruwa ta Bandar Abbas. A zamansa na Farisa ya ziyarci kufan birnin Persepolis, ya kwafi rubutun da ke jikin duwatsunsa, ya kuma yi dogon nazari a kan noman dabino. Daga nan ya bi ta gaɓar Indiya zuwa Batavia, wato Jakarta ta yanzu, a 1689.

Zamansa a Japan

Kaempfer ya isa Nagasaki a watan Satumba na 1690, bayan ya yada zango a Siyam, wadda ake kira Tailan a yau. A wancan zamani gwamnatin Tokugawa ba ta yarda wasu Turawa su yi ciniki a ƙasar ba sai mutanen Holan, su ma an killace su a ɗan tsibirin Dejima. An kuma hana fitar da taswirar ƙasar waje.

Hanyoyi biyu ya bi ya samu bayanai. Ta farko ita ce wani matashi ɗan Japan da aka ba shi ya riƙa yi masa hidima. Kaempfer ya koya masa harshen Holan da aikin likita, shi kuma ya riƙa samo masa littattafai yana yi masa bayaninsu, duk da hatsarin da ke cikin yin haka. Kaempfer bai ambaci sunansa a littafi ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 20 masu bincike suka gano cewa Imamura Gen'emon ne, wanda daga baya ya zama babban tafinta. Hanya ta biyu ita ce tafiyar gaisuwa da shugaban kamfanin yake yi zuwa Edo, wato Tokyo ta yanzu. Kaempfer ya bi tawagar a 1691 da 1692, ya ga shugaban mulkin soja Tokugawa Tsunayoshi. A hanya yakan fake da zanen tsirrai yana auna hanya da na'urar nuna alƙibla da ya ɓoye a cikin akwati.

Komawa gida da rubuce-rubuce

Ya bar Japan a 1692, ya isa Holan a 1693, ya sami digirin likita a Jami'ar Leiden a 1694. Daga nan ya koma Lemgo ya zama likitan mai sarautar Lippe. Aikin duba marasa lafiya ya cinye masa lokaci, shi ya sa littafi ɗaya tak ya iya bugawa daga bayanan tafiyarsa, wato Amoenitates Exoticae, da harshen Latin, a 1712. Littafin kashi 5 ne, na ƙarshensu a kan tsirran Japan. A ciki ya bayyana bishiyar ginkgo, wadda Turawa ba su san ta ba kafin nan, da yadda Japanawa suke magani ta hanyar soka siraran allurai a jiki. Ya rasu a Lieme, kusa da Lemgo.

Makomar kayan da ya tara

Kaempfer ya rasu ya bar babban rubutunsa a kan Japan ba a buga ba. Wani likita a Landan mai tara kayan tarihi, Hans Sloane, ya sayi takardunsa da kayansa daga hannun magajinsa. Ya sa Johann Caspar Scheuchzer ya fassara rubutun zuwa Ingilishi, aka buga shi a 1727 da sunan The History of Japan. Na Jamusanci, harshen da aka rubuta shi da shi tun farko, bai fito ba sai tsakanin 1777 da 1779.

Kayan Sloane su ne tushen Gidan Tarihin Birtaniya da aka kafa a 1753, don haka takardun Kaempfer da busassun tsirransa suna Landan har yanzu. Masanin tsirrai Carl Linnaeus ya raɗa wa wani jinsin tsiro ɗan uwan citta suna Kaempferia don girmama shi. A Japan kuma, lokacin da Shizuki Tadao ya fassara wani sashe na littafin a 1801, ya ƙirƙiro kalmar sakoku, ma'ana rufe ƙasa, wadda ake kiran manufar gwamnatin wancan zamani da ita har yau.